Darasi: In Ƙudan Zuma Sun Sauka a Bangon Gida

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinku kuna kai dawa da gyaɗa birnin Kano, kuna da masu masauki a unguwanni kamar Koki da Yakasai. Wata rana kwa tarar mutane sun taru a lungu suna kallon wani baƙin dunƙule yana reto a ƙarƙashin indararo. Ƙudan zuma ne masu ƙaura. Nan da nan wani zai ce a kawo tsumma da kananzir. Ku roƙe shi ya dakata.

Ga dalili. In amya ta cika, tsohuwar sarauniya, wadda kakanninmu ke kira sarkin zuma ko da yake mace ce, takan fita da wajen rabin jama'arta. Kafin su tashi sukan sha zuma su ƙoshi, guzurin hanya ke nan. Ba su da saƙa ko 'ya'ya da za su kare, saboda haka ba su cika faɗa ba. Zango suka yada, waɗansunsu suna yawon neman kogo. Yawanci cikin kwana 1 zuwa 3 sun tashi.

Amma fa zumar ƙasarmu ba ta son tsokana. Lungunan birni matsattsu ne, in yaro ya yi jifa babu wurin gudu. Wuta kuwa tana iya kama azara ko zana, gobarar ta ci har gidan maƙwabci. A gaya wa mai unguwa, a hana yara wucewa, a kwance akuya da rago a kai su nesa. Dabbar da ke turke ita ce zuma ta fi kashewa.

Wanda ya iya, wannan kyauta ce ga ƙungiya. Ku nemi izinin maigida tukuna. Da la'asar sakaliya ku rufe fuska da hannu, ku zo da amya wadda aka shafa wa kaki a ciki. A tara ta ƙarƙashin dunƙulen, a share su ciki a hankali da ganye. In sarauniya ta shiga, sauran za su bi ta da kansu. Bayan magariba a rufe bakin da yadi mai shan iska, a kai ƙauye a ɗora kan ɗorawa.

In sun riga sun shige ramin bango sun fara saƙa, kada a toshe ramin. A kira gwani.

Wanda aka harba, a kankare ƙarin da farce maza maza. In wuyansa ya kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, kada a tsaya jiƙa magani, a kai shi Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata.