Darasin Kwamfuta: Hatimi Uku Na Wasiƙar Imel

A da, idan takarda ta fito daga fadar hakimi babu hatimi, dagaci ba zai yi aiki da ita ba. To, haka imel yake a yau.

A ce wata makaranta a Ikara, ko ƙungiyar manoman rake a Makarfi ko Kudan, ta mallaki adireshin intanet na kanta mai ƙarewa da .ng, irin wanda NiRA ke kula da rajistarsa. Sai ƙungiyar ta aika wa dillali a Legas farashin kaya, shiru kake ji. Ashe saƙon ya faɗa kwandon shara. Dalili kuwa, tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsananta bincike a kan saƙon da ba shi da shaida.

Shaidun uku ne, ana rubuta su a DNS, wato kundin da ke nuna inda kowane adireshi yake:

1. SPF: jerin kwamfutocin da ka yarda su aika saƙo da sunanka.
2. DKIM: sa hannun sirri mai tabbatar da cewa ba a sauya saƙon a hanya ba.
3. DMARC: umarninka idan saƙo ya kasa gwajin: a bar shi, a jefa shi shara, ko a ƙi karɓa.

Ina wahalar take? Babban kamfani yana da ma'aikaci don wannan aiki, ƙaramin mai adireshi kuwa ba shi da kowa. Sau da yawa ma kalmar sirrin tana hannun mai shagon kwamfutar da ya yi masa rajista. Sannan ƙaramin kuskure kan ɓata komai. Layin SPF ɗaya tak ake so, idan ya zama biyu duk sun lalace. Lambar DKIM doguwa ce, harafi ɗaya ya ɓace wajen kwafa, shi ke nan. Gyara kuma yakan kai awa 48 kafin ya bazu, sai mai gaggawa ya sake taɓawa ya ƙara dagula lissafi.

Duk da haka sakaci ya fi tsada. In babu hatimi, ɗan damfara zai iya rubuta wa iyaye da sunan makaranta, ya sa lambar asusunsa a biya kuɗin zango.

Shawararmu: mai adireshi ya riƙe kalmar sirrinsa da kansa. Ya fara DMARC da umarnin "a bar shi", ya riƙa duba rahotannin da ke zuwa, in komai ya daidaita sannan ya tsananta.

Aikin gida: a ɗakin kwamfuta, buɗe wani saƙo a Gmail, ka zaɓi Show original. Hatimi nawa ne suka nuna PASS? A kawo mana amsa ranar Alhamis.