Ko Daddawa Ma Tana da Iri Kamar Yis?

Tambaya: Mu ƙungiyar mata ce a Kibiya, muna yin daddawa muna kaiwa kasuwar Rano, wani jiƙon har Kano. Damuwarmu ita ce ta yau daban, ta gobe daban. Wata ta yi laushi da ƙamshi, wata ta fito da tauri ko wari mai hawa kai. Ɗana da ke makaranta ya ce akwai irin da ake zuba mata kamar yis ɗin burodi. Haka ne?
Daga wata mai karatu a Kibiya

Amsa: Yaronki ya yi gaskiya, sai dai irin da yake magana a kai yana cikin kwandunanku tun tuni.

Abin da ke mayar da kalwa daddawa wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, babba a cikinsu masana na kiran ta Bacillus subtilis. Farfesa Odunfa na Jami'ar Ibadan ya yi bincike a kan haka tun farkon shekarun 1980. Wannan ƙwaya tafasa ba ta kashe ta da sauƙi, tana maƙale a jikin kwando da ƙwarya da buhun rufi. Da zarar kalwa ta samu ɗumi sai ta farka ta narkar da sinadarin gina jiki da ke ciki, ta fitar da abin nan mai ɗanɗano da ke cikin farin magi, tare da iskar amoniya mai kawo wari. Matsalar ita ce a kwando ɗaya akwai dangi iri-iri, kuma ba kullum na kirki ke rinjaye ba.

Japanawa suna da irin tasu daddawar ta waken suya, natto. A 1905 wani masani, Sawamura, ya ware ƙwayar da ke nunar da ita, yau kamfanoninsu tsantsar iri suke zubawa. Haka aka yi da maganin fenisilin: a 1943 aka tsinci nagartaccen irinsa a jikin ruɓaɓɓen ɗan itace a garin Peoria na Amurka, aka yi ta haska shi da hasken eksire ana zaɓen wanda ya fi ba da magani.

Amma ban ba ku shawarar neman irin Japan ba. Don yauƙi aka zaɓe shi, mai miyar kuka kuwa ba yauƙi take nema a daddawa ba. Ku zaɓi naku, kamar yadda mai nono ke ajiye ɗan kindirmon jiya ta zuba a madarar yau. Duk ranar da daddawa ta yi yadda kuke so, ku ɗebi kaɗan ku shanya ta bushe ƙayau, ku daka, ku adana a kwalba mai murfi. In an sauke sabuwar kalwa, a barbaɗa garin tun tana turiri, domin zafin zai kashe yawancin baƙin ƙwayoyi ya bar namu. In daddawar ta fara canza wari, a zubar da garin a sake sabo, saboda akwai 'yar uwar ƙwayar tamu, Bacillus cereus, mai kawo amai da gudawa.

Iri kaɗai ba zai wadatar ba. Ƙwayar ta fi son ɗumi kusa da na jikin mutum, shi ya sa kwana biyun da suka isa da bazara ba sa isa da hunturu. Ku riƙa auna kalwa da kanwa, ku tsayar da awannin dahuwa, wata a cikinku ta riƙa rubutawa.

In kuna hangen manyan kantunan Kano, ku tuntuɓi sashen nazarin ƙananan halittu na Jami'ar Bayero da samfurin da ya fi kyau don a ware muku tsantsar iri, sannan ku nemi lambar NAFDAC kafin ku buga leda.