DARASIN MUHALLI: Kifin Tukunyarmu da Halin da Ruwa ke Ciki

Darasinmu na wannan fitowa a kan teku ne da halittun cikinsa. Wata za ta ce, mu da ke Zandam da Gwaram da Birnin Kudu ina ruwanmu da teku? To ai kifin ƙanƙarar nan da muke saye ran kasuwa daga teku ake kamo shi, kuma abin da ke damun teku yana damun kogunanmu.

Abin da aka sani da wanda ya rage

Teku ya rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa. Amma zuwa 2024, kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal na ƙasan teku masana suka auna suka zana taswirarsa dalla-dalla. Har gobe ana gano halittun da ba a taɓa ba su suna ba. Duk da haka ɗan Adam bai jira ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2024 cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na garkunan kifin teku ana kama su fiye da yadda suke hayayyafa. Ga leda da robobi, ga malalar man fetur, ga ɗumamar ruwa.

Darasi daga Kanada

A gaɓar gabashin Kanada an shekara ɗaruruwa ana kamun wani kifi mai suna kod. Da manyan jiragen su suka shigo, masana suka yi ta ƙiyasin cewa kifin na nan da yawa, alhali ƙiyasin ya zarce gaskiya. A 1992 dole gwamnati ta hana kamun, mutum kusan 30,000 suka rasa sana'a. Sai a 2024 aka sake buɗe shi, shi ma da ƙayyadadden adadi. Kun ga ke nan, ɓarna takan riga ilimi isowa.

Mu dawo gida

Ruwan ƙoramunmu ba ya zuwa teku. Yana cikin kwarin Haɗeja da Jama'are ne, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya shiga kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke cika da janyewa a fadamun ya canza. Ciyawar kacala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma suka shiga wahala. An yi madatsun ne don noman rani da ruwan sha, sai daga baya aka ga illar. Shi kuwa Tafkin Chadi, daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya ragu ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980.

Me ya rage gare mu?

1. Kada mu sayi 'yan mitsi-mitsin tarwaɗa da karfasa. In babu mai saye, mai kamawa zai bari su girma su yi ƙwai.
2. Gidan sauro na kwana ne, ba na su ba. Idonsa ƙanana ne, yana kwashe har 'ya'yan kifi.
3. Mu ja kunnen mazajenmu da samarinmu kan zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso. Gubar tukunyarmu take ƙarewa.
4. Kada a wanke tankin feshi a rafi, kada a zuba leda a kwata.
5. Mu tambayi tsofaffin masunta irin kifayen da suka sani da yanzu ba a gani, yara 'yan makaranta su rubuta. Wannan ma ilimi ne, kuma in suka tafi da shi ya tafi ke nan.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Abin da ba mu gama saninsa ba, sai mu bi shi a hankali.

Tambayar bita: a zamanku na wannan wata, ku tattauna me ya sa masanan Kanada ba su farga da wuri ba, kuma wane rafi ne a unguwarku ya fi buƙatar kulawa?

Allah Ya sa mu dace, amin.