Matsayin Mai Sauraro: Daga Gatanar Kabi Zuwa Tabarau Mai Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Masana adabin baka sun daɗe da lura cewa labari ba mallakar mai ba da shi ba ne shi kaɗai. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna ikon mai sauraro a tatsuniyar ƙasar Kabi, sa'an nan ta kwatanta shi da na mai kallo a sabuwar fasahar tabarau mai kwamfuta, wanda ake ɗaurawa a fuska ya nuna wa mutum kamar yana tsakiyar wurin da labarin ke aukuwa.

2.0 Mai Sauraro a Gatana

A Birnin Kabi da Argungu, kamar sauran yammacin ƙasar Hausa, akan kira tatsuniya gatana. Idan aka duba tsarinta, za a tarar mai sauraro yana da ayyuka uku. Na farko, ba da izini, domin tsohuwa ba ta shiga labari sai ta yi tayi yara sun amsa. Na biyu, amshi, domin duk inda waƙa ta faɗo cikin labari su ne ke karɓa mata. Na uku, gyara. Alal misali, in ta ɗora wa Ƙoƙi wayon Gizo, nan take za a ce ba haka take ba. Hatta gyangyaɗin yara yakan sa ta gajarta zance. Da Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, kalmomin sun tsira, amma waɗannan ayyuka ba su shiga takarda ba.

3.0 Mai Kallo a Cikin Tabarau

Fasahar ta bunƙasa bayan kamfanin Facebook ya sayi Oculus a 2014. A 2019 Joel Kachi Benson, ɗan Nijeriya, ya sami lambar yabo a bikin finafinai na birnin Benis a Italiya da fim ɗinsa Daughters of Chibok, wanda ya shafi halin iyayen 'yan matan da aka sace a 2014. Mai kallonsa yana iya waiwayawa gabas da yamma, ya ji kamar yana zaune tare da uwar da ke jiran 'yarta. Sai dai ba ya iya yi mata jaje, ita ma ba ta san da zamansa ba.

Matsayinsa bai wuce na ɗan kallo a bakin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu ba, wanda aka soma a 1934. Idonsa na kan masunta da gorunansu, amma ba shi da ta cewa game da wanda zai fito da giwan ruwa mafi nauyi. Ko a labaran da ake bai wa mai kallo zaɓi, hanyoyin da zai bi mai tsarawa ne ya riga ya share su, alhali tsohuwa takan amsa tambayar da ba ta taɓa zato ba.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa shigar da mutum cikin labari daban, ba shi baki a cikinsa daban. Tabarau ya fi gatana kai ido wuri, gatana kuwa ta fi shi sauraron mai sauraro. Saboda haka duk mai niyyar zuba tatsuniyoyin Hausa cikin wannan na'ura, wajibi ne ya tanadi gurbin izini da amshi da gyara. In ba haka ba, abin da takarda ta zubar, na'ura ma za ta sake zubarwa.