A Wane Littafi, a Wane Babi? Ambaton Madogara a Mujallar Lissafi

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure a cikin birni, Madabo ce ko Salga, ya san tambayar da ake tarar mai kawo mas'ala da ita: a wane littafi ka gani, a wane babi? In ka ce Risala ce ta faɗa, sai a miƙo maka Risalar a ce buɗe. To 'yan'uwa ɗalibai, musamman mu na sashen lissafi da ƙididdiga da ke fatan aikinmu na kammala karatu ya fito a mujalla, wannan tambayar ce edita zai yi mana. Sai dai shi ba zai kira ka ba, takardarka kawai zai maido.

Mun saba da tsarin APA, wato sunan marubuci da shekara a cikin jimla. Yawancin mujallun lissafi ba haka suke yi ba. Lamba suke sakawa cikin baka mai kusurwa, kamar [4], sannan a ƙarshen takarda a jera manazarta bisa haruffan sunayen marubuta, kowanne da lambarsa. Ko Abacus za ka tura wa, ko Journal of the Nigerian Mathematical Society, fara karanta ƙa'idojin da suka gindaya wa marubuta, ka kuma ajiye wata takarda da suka buga kwanan nan a gefenka.

Amma [4] kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne na fi son mu tsaya. Takardar da Andrew Wiles ya warware matsalar Fermat da ita a 1995 shafi 109 ce. In ka ce "duba [4]" ka yi shiru, kamar ka tura baƙo Kasuwar Kurmi ne ka ce ya nemo maka wani mai tebur. Rubuta [4, shafi na 17], ko lambar ƙa'idar da ka aro. Dalili kuwa, a lissafi sakamako ake arowa tare da sharuɗɗansa. Ɗauki ƙa'idar nan da muka yi a aji, cewa fanshin da ba ya yankewa yana kai wa ƙololuwarsa a kan tazara rufaffiya. Cire kalmar "rufaffiya", ka gwada 1/x tsakanin 0 da 1 ba tare da sifilin ba: hawa yake ta yi, babu ƙololuwa. Mai tantance takardarka so yake ya buɗe ainihin shafin ya ga ko sharuɗɗan sun hau kan abin da kake yi. In bai samu ba, hujjarka ta rataya a iska.

Ga yadda takardar Wiles take fitowa a tsarin ƙungiyar masana lissafi ta Amurka: A. Wiles, Modular elliptic curves and Fermat's last theorem, Ann. of Math. (2) 141 (1995), no. 3, 443–551. Marubuci, taken takarda, sunan mujalla a taƙaice, kundi, shekara, fitowa ta nawa, shafuka. Taƙaita sunan mujalla ba da ka ake yi ba, kowace tana da nata sananne. Za ka same shi a MathSciNet, amma wannan sai makaranta ta biya. Mu 'yan data ɗin ɗari biyu, zbMATH Open ne namu, kyauta yake tun 2021.

Yawancin mujallun da LaTeX suke so a rubuta musu, shi kuma BibTeX ya jera manazarta da kansa. Yana rage wahala ƙwarai, domin in ka ƙara littafi ɗaya duk lambobin za su gyaru. Sai dai yana da halinsa. A wasu tsare-tsaren yakan mayar da manyan haruffan take ƙanana, sai ka ga Fermat ya koma fermat, maganinsa ka kulle sunan cikin baka mai lanƙwasa. Na biyu ya fi damuna. BibTeX yana ɗaukar kalmar ƙarshe a matsayin sunan iyali, mu kuwa sau da yawa unguwa ce ko gari a ƙarshen sunanmu: Yakasai, Gwammaja, Ɗanbatta. Ba shi Aminu Kano, ya mayar da shi A. Kano. Saboda haka kai za ka nuna masa, ka sa sunan da marubucin ke jera kansa da shi a farko, ka yi waƙafi, sannan sauran. Naka sunan ma ka zaɓi siga ɗaya tun takardar farko ka tsaya a kanta. In yau kai Muhammad ne, gobe Mohammed, jibi Muh'd, injinan bincike mutum uku za su ɗauke ka, aikinka ya rabu gida uku.

Wannan matsalar ta daɗe da cin wani namu. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan hanyoyin tsara hatimi, wato gidajen lambobi da jimillarsu take zuwa ɗaya a tsaye da kwance da karkace, kamar mai gida tara da ke ba da 15 ta ko'ina. Nemi sunansa a intanet ka sha kallo: wani ya rubuta Kishnawi, wani Kashinawi, wani Katsinawi. In za ka ambace shi, bi rubutun littafin da ke hannunka. Yawancinmu a littafin Claudia Zaslavsky, Africa Counts, na 1973, muka san shi. To ita za ka ambata, da shafin, kada ka jera rubutun malam kamar ka taɓa riƙe shi. Wanda ya ga rubutun hannun da idonsa shi ne zai kawo sunan laburaren da yake ajiye, da lambar ajiyarsa, da warƙar da ya karanta. Ko a zaure, ɗalibi ba ya tsallake malamin da ya biya masa ya ce daga mawallafi ya ji.

Sai arXiv, inda masana ke ajiye takardu kafin a buga su. Ana ambatonsa ba laifi, ai Grigori Perelman can ya ajiye takardunsa uku na 2002 da 2003, kuma da lambarsu ta can ake kawo su har yau. Amma in takarda ta riga ta fito a mujalla, kawo bugun mujallar, ka sake duba lambar ƙa'idar, don takan canja tsakanin sigogin biyu.

Masu tambayar ChatGPT manazarta kuwa, ku ji tsoron Allah. Yakan ƙirƙiro take mai daɗin ji, da sunan marubuci na gaske, da shafukan da ba su taɓa wanzuwa ba. Edita in ya kama guda ɗaya ya daina yarda da sauran. Kafin ka tura, ɗauki lambar DOI ta kowace takarda, wadda ke farawa da 10, ka liƙa ta a doi.org ka ga inda za ta kai ka. Wadda ba ta da DOI, nemo ta a zbMATH. Daga nan ka bi jerin da biro, duk lambar da ba ka kira ta a cikin takardar ba ka goge ta.