Darasi na Bakwai: Hankaka da Danginsa

7.1 Gabatarwa

Manufar wannan darasi ita ce nuna wa ɗalibi bambancin da ke tsakanin sunan da al'umma ta laƙaba wa halitta da matsayin da masana kimiyya suka ba ta. Za a yi amfani da hankaka a matsayin misali.

7.2 Matakan Rabe-rabe

A shekarar 1758 Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya daidaita tsarin bai wa kowace dabba suna mai kalma biyu cikin Latinanci. Sunan hankaka mai farin ƙirji shi ne Corvus albus. Kalmar farko tana nuna jinsi, ta biyu kuma nau'i. Jinsin yana ƙarƙashin iyalin Corvidae, mai nau'o'i fiye da 120. Shi kuwa iyalin yana cikin rukunin Passeriformes, wanda ya ƙunshi fiye da rabin nau'o'in tsuntsayen duniya.

Duk da kaushin muryarsa, hankaka yana cikin tsuntsaye mawaƙa. Dalili kuwa shi ne, ƙirar gaɓar furuci da ke ƙasan maƙogwaro ake dubawa, ba daɗin kuka ba.

7.3 Dangantaka

A 1990 Sibley da Ahlquist suka wallafa sakamakon kwatanta ƙwayoyin gado na tsuntsaye, inda suka haɗa hankaka da dangogi da yawa a reshe guda. Binciken da ya biyo baya ya taƙaita wannan reshe, amma ya ƙarfafa cewa tushen zuriyar yana yankin Ostireliya da tsibiran da ke arewa da ita.

Bahaushe kuwa ɗabi'a da kama yake dubawa. Ya ce carki, ya ce carkin giwa, domin dukansu suna bin manyan dabbobi. Amma a kimiyyance carkin giwa ɗan'uwan hankaka ne, carki kuwa iyalinsa daban.

7.4 Kammalawa

Wannan ya yi daidai da nazarin harsuna. Yawan kalmomin aro bai mai da Hausa 'yar Larabci ba; tana cikin reshen Cadi na iyalin Afro-Asiya. Saboda haka wajibi ne malami ya kiyaye, kada ya koyar da cewa tarayya a suna hujja ce ta tarayya a asali.

7.5 Auna Fahimta

1. Me ya sa aka sanya hankaka cikin tsuntsaye mawaƙa?
2. Kawo sunayen tsuntsaye biyar masu harɗaɗɗen suna, ka bayyana dalilin kowanne.