DARASI: ZAƁEN IRIN KIFI DON KIWO A GIDA

Manomin Dogarawa ya san darajar iri. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan saboda kyawon irinta. Wanda ya shuka mugun iri ya yi asarar ruwa da taki da wahalar wata huɗu. Kiwon kifi ma haka yake. Ƴaƴan kifi su ne iri.

Kifi da garka

Ana iya kiwon kifi a gida cikin ramin siminti, kusa da garka. Kashin kifi yana ɓata ruwa, amma taki ne ga shuka. Wasu suna ɗibar ruwan su ba salati da tumatir da yakuwa, sa'an nan su zuba sabo. Masu famfo kuwa suna tura ruwan cikin kwami mai tsakuwa inda aka dasa salati. Saiwa ta sha takin, ruwa ya komo wa kifi da tsabta. Ruwa ɗaya ya ba da kifi, ya ba da kayan miya.

Wane kifi ya dace?

A Amurka, masu irin wannan kiwo sukan sa wani ɗan kifi mai suna bulugil, domin yana jure sanyin ƙasarsu. Babu shi a ruwayen Nijar. Kifin da ya dace a nan iri biyu ne: tarwaɗa da karfasa.

Tarwaɗa tana da ƙarfin rai. Tana leƙowa sama ta shaƙi iska, don haka ba ta saurin mutuwa in ruwa ya gurɓace. Aibinta ɗaya: babba tana cinye ƙarama. Wanda ya zuba ɗari masu girma dabam-dabam, yana iya tarar da rabi kawai. Sai a saye su kai ɗaya, a riƙa ware waɗanda suka fi saura girma.

Karfasa tana cin dussa da ganye, cimarta ba tsada. Amma tana haihuwa tun tana ƙarama. Macen tana riƙe ƙwai cikin bakinta, ba ta cin abinci sosai a lokacin, sai girmanta ya tsaya. In an haɗa maza da mata, rami ya cika da ƙanana waɗanda ba su sayuwa. Saboda haka maza zalla ake so. Idan karfasa ta kai giram 30, a juya cikinta a duba kusa da wutsiya. Namiji yana da kafa biyu, mace tana da uku.

Ina ake samun iri?

Masunta suna kama kifi a madatsun Mozage da Zango na kwarin Maggiya, da tabkin Tabalak. Ƙananan da suka shiga koma suna da arha, amma gauraye suke. Ba a san shekarunsu ba. Wata karfasar gajera ce don tsufa cikin yunwa, ba don ƙuruciya ba. Irin wannan ba ta ƙara girman kirki.

Irin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo ya fi, domin kwanakinsu ɗaya. Nijar ta soma wannan aiki a shekarun 1980, a Sona, bakin kogin Kwara, jahar Tilaberi. Amma doguwar tafiya tana kashe ƴaƴan kifi. Kafin mutum ya ba da kuɗinsa, ya nemi shawarar ma'aikatan ruwa da gandun daji na Malbaza, ko Ƙonni, ko Illela, su nuna masa mai iri na kusa. Mutum biyar ko shida suna iya haɗa kuɗi su aiki mutum ɗaya.

Alamun iri mai kyau

1. Tsawonsa ya kai yatsa.
2. Duka girmansu ɗaya.
3. In an taɓa ruwa, suna watsewa da sauri.
4. Babu rauni ko farin tabo a jiki.
5. Ba mai ƙaton kai da siririn jiki.

Ɗauka da saki

Sabon siminti yana kashe kifi. A cika ramin da ruwa, a bar shi mako biyu ana sakewa. Kada a ba ƴaƴan kifi abinci kwana ɗaya kafin tafiya. A ɗauko su da asuba, a rufe mazubin daga rana. In an iso, a ɗora mazubin bisa ruwan ramin minti 20, sa'an nan a karkata shi su fita da kansu.

A soma da kaɗan. Ruwan duro biyar, wato lita 1000, ya ishi karfasa 15 in babu famfo. Kada a zuba iri da hunturu, domin kifi ba ya cin abinci sosai cikin sanyi. A jira ɗari ya wuce.

Tambayoyi

1. Don me ake zaɓen mazan karfasa?
2. Mene ne aibin tarwaɗa?
3. Karfasa nawa za a zuba a ruwan duro goma?